Yadda ake canza sil ɗin mai na bayan kirankshaf

Idan ka ajiye mota da daddare, gari ya waye ka tarar da tabon baƙin mai a ƙasa daidai inda injin ya haɗu da giyabos, abin da kowa zai fara ce maka shi ne sil ɗin baya ya tafi. Wannan sil zobe ne na roba mai ƙarfe a cikinsa, yana zaune a ƙarshen kirankshaf, wato babban ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan injin, a bayan fulaiwil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ake ɗaura kuloci a jikinsa. Aikinsa ɗaya ne: kirankshaf ya riƙa juyawa sau dubbai a minti guda, mai kuma kada ya fita. A jikin leɓensa na ciki akwai wani siririn sifirin da ke matse shi a kan ƙarfen. Idan robar ta bushe saboda zafi da shekaru, ko ƙarfen ya ci, sai mai ya samu hanya.

Shi kansa sil ɗin bai fi tafin hannu ba, kuma cire shi da sa sabo ba ya cin rabin awa. Wahalar tana wajen isa gare shi, domin a yawancin motoci sai an sauke giyabos, an cire kuloci da fulaiwil. Aikin yini guda ne ga wanda ya saba, yini biyu ga wanda bai saba ba. Shi ya sa nake son duk wanda zai yi shi ya yi sau ɗaya, kada bayan mako biyu ya sake kwanciya a ƙarƙashin motar.

Ka tabbata shi ne

Mai yana bin gangare, iska kuma tana tura shi baya idan mota na gudu. Saboda haka kusan duk yoyon da ke jikin injin a mahaɗar giyabos yake ƙarewa. Gaskit ɗin murfin saman injin idan ya saki ta baya, man zai gangaro ta bayan bulo, wato gangar jikin injin, ya ɗiga daidai wurin nan. Haka suwicin mai, haka mazaunin filta, haka gaskit ɗin kaskon mai na ƙasa. Na sha ganin an sauke giyabos, aka tarar bayan fulaiwil a bushe ƙarau, ashe yoyon daga sama yake.

Wanke injin tas, sama da ƙasa, ka bar shi ya bushe. Tayar da shi ya yi zafi, ka ɗan zaga da motar, sannan ka ɗauki tocila ka bi daga sama zuwa ƙasa. Wuri mafi tsayi da ka ga danshi, nan ne tushen. Idan ka barbaɗa farar hoda a bayan injin, sawun man zai fito fili. Akwai kuma wani rini da ake zubawa a cikin baƙin mai, wanda ke haskawa idan aka haska shi da fitila ta musamman. Idan sama a bushe take, amma ka buɗe ƙaramin murfin ƙasan ƙoƙon giyabos, wato bakinsa da ya rufe fulaiwil, ka ga mai a ciki, ko ka cire sitata ka ga bayan fulaiwil sharkaf, to zargi ya tabbata.

Ka kuma duba wane irin mai ne. Man giya na motar manuwal yana da kauri da wani wari mai hawa kai. Na otomatik yawanci ja ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, kuma ya fi tsinkewa. Idan ɗayansu ne, sil ɗin gaban giyabos ne ya lalace, ba na injin ba.

Abu na gaba shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne ya fi damuna. Ruwa ba ya tsami banza. A cikin injin akwai hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen ringin fistin ya taru a ƙasa, kuma akwai bawul ɗin numfashi da tiyo da ke janye shi. Idan bawul ɗin ya toshe, iskar za ta nemi mafita, ta turo mai ta wurin da ya fi rauni. Ka sa sabon sil a injin da numfashinsa ya toshe, ka yi aikin baban giwa. Duba bawul ɗin da tiyonsa tun kafin ka kwance noti ɗaya. Wani lokaci da an gyara shi yoyon yake raguwa har ya zama ba ya buƙatar komai. Ka tabbata kuma ba a cika mai ya wuce layin sama na sandar awo ba.

Abin da za ka tanada

Sil na ainihi daidai da lambar injinka, ba wanda aka gwada da ido ba. Jak mai ƙarfi na ɗaukar giyabos, da matokarai na ƙarfe guda huɗu. Akwatin sokat da dogayen hannuwa, sifanar awon ɗauri, abin kulle fulaiwil, ƙarfen daidaita kuloci, gam ɗin kulle noti, gam ɗin gaskit, feshin wanke birki, da tsummoki masu tsabta. Man giya sabo da baƙin mai. Littafin gyaran motar ma kayan aiki ne, domin a ciki ne za ka ga ƙarfin ɗaurin kowane noti. Kada ka karɓi wannan adadi daga bakin kowa, ya bambanta daga injin zuwa injin.

Idan motar manuwal ce kuma kulocinta ya yi nisa, ka sayi sabo gaba ɗaya da boris ɗinsa. Ba ka so ka sake sauke giyabos bayan wata shida. Idan kuma mai ya riga ya taɓa farantin kuloci, babu zancen wanke shi, ya sha ya sha.

Ka san irin sil ɗinka kafin ka fara. Na zamani zobe ɗaya ne, ko dai a buga shi kai tsaye cikin bulo, ko ya zo a cikin wani gida na alminiyam da ake ɗaurewa da ƙananan notuna. Tsofaffin injuna suna da mai ɓari biyu, wasu ma igiya ce ake cusawa. Ƙananan injunan V8 na Chevrolet, alal misali, mai ɓari biyu suke amfani da shi har zuwa 1986 da aka koma zobe ɗaya. Mai ɓari biyu ta ƙasa ake canza shi, a cire kaskon mai da murfin boris na ƙarshe, ba sai an taɓa giyabos ba. Wasu injunan Volkswagen da Audi kuwa sil ɗinsu yana zuwa haɗe da zoben da sensa ke karanta juyin kirankshaf, kuma sai da kayan aiki na musamman ake zaunar da shi daidai. Idan zoben ya goce, motar ba za ta tashi ba. Bayanin da ke tafe na mai zobe ɗaya ne, wanda shi ya fi yawa.

Sauke giyabos

Cire kan batir na negatif. Ɗaga motar a kan daɓe mai ƙarfi, ka ɗora ta a kan matokarai, ka girgiza ta da hannu ka ga ta zauna. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Giyabos yakan kai kilo 40 ko fiye, na otomatik ya ninka haka, kuma idan ana fama da shi motar tana motsi.

Tsiyaye man giya. A motar da tayoyin baya ke ja, yi wa farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya, alama da fenti a inda ta haɗu da difiransha, sannan ka cire ta. A wadda tayoyin gaba ke ja, shaf biyu za ka zare, wani lokaci har sai an sassauta firam ɗin ƙasa. Cire salansa idan ta tare hanya, cire sitata, cire sandar giya ko wayoyinta, cire silindar kuloci ka rataye ta gefe ba tare da ka buɗe bututunta ba in zai yiwu. Duk soket ɗin wayar da ka zare, ɗauki hotonsa da waya tukuna. Notuna kuma ka jera su a kwali ka rubuta wurin kowanne, domin na ƙoƙon giyabos tsawonsu ba ɗaya ba ne.

Tallafi injin kafin ka kwance kujerar giyabos, ko da sanda ta sama, ko da jak ta ƙasa da faffaɗan katako a tsakani don kada kaskon mai ya lotse.

Mai motar otomatik, a nan sai ka nutsu. Kwanbata, wato tulun nan mai cike da mai da ke tsakanin injin da giya, a ɗaure take da farantin injin, wanda ke a madadin fulaiwil, da notuna uku, huɗu ko shida. Ta ramin sitata ko ƙaramin murfin ƙasa za ka same su. Juya injin da sifana ta notin gaba, ka kwance su ɗaya bayan ɗaya, ka tura kwanbatar baya ta koma cikin giyabos. Dole ta fita tare da giyabos, kada ta tsaya a jikin injin.

Yanzu kwance notunan ƙoƙo, ka ja giyabos baya a miƙe. Kada ka bar nauyinsa ya rataya a kan shaf ɗin da ke shiga kuloci. Idan ya ƙi rabuwa, kafin ka sa ƙarfi ka sake lalubawa, kusan kullum akwai noti ɗaya a sama da ya ɓuya.

Kuloci da fulaiwil

Yi alama a murfin kuloci da fulaiwil, sannan fulaiwil da kirankshaf. Sassauta notunan murfin kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, don kada sifirin ɗinsa ya karkace. Kulle fulaiwil ta haƙoransa, ka kwance notunansa. Bar guda ɗaya a saƙale har sai ka riƙe shi da hannu biyu, domin yana da nauyi, haƙoransa kuma suna yanka. A motar otomatik farantin siriri ne, amma yakan zo da wasu ƙananan waishoji gaba da baya. Lura da yadda suke.

Ga sil ɗin nan a gabanka. Kada ka yi saurin fizge shi. Dube shi da kyau, ka ɗauki hoto, ka auna zurfin da yake zaune: daidai yake da fuskar bulo, ko ya nutse milimita ɗaya ko biyu? Duba kewaye kuma. A bayan bulo akwai wasu matosai na hanyar mai da na ruwa, akwai kuma gaskit ɗin gidan sil ɗin. Idan ɗayansu ne ke zufa, yanzu ne lokacin ganewa.

Sai ka gwada wasan kirankshaf. Sa ƙarfe a hankali ka tura shi gaba, ka dawo da shi baya. Motsin da ya halatta ɗan mitsitsi ne, a yawancin injuna bai wuce kashi uku cikin goma na milimita ba, da ƙyar ido ke ganinsa. Idan ka ji yana ƙwal-ƙwal gaba da baya, ko yana ɗagawa sama da ƙasa, to metal, wato boris ɗin da kirankshaf ke juyawa a kansa, ya ci. Sabon sil ba zai daɗe a kan kirankshaf mai rawa ba. Gara ka tsaya nan ka yanke shawara a kan injin ɗin gaba ɗaya.

Fitar da tsohon

Duk aikin nan, wurin da ya fi haɗari shi ne santsin ƙarfen da leɓen sil ke gogawa. Ƙarzane ɗaya ya isa. Na taɓa yi tun ina koyo: na cusa sukurudireba ta gefen ciki, ta zame, ta bar wani ɗan layi da sai da farce ake jinsa. Na ce ba komai. Kwana goma bayan nan motar ta dawo tana ɗiga fiye da da, muka sake sauke komai. Tun daga ranar ban ƙara kusantar da bakin ƙarfe wurin ba.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta sukuru. Huda ƙananan ramuka biyu a fuskar ƙarfen sil ɗin, ɗaya na kallon ɗaya, da siririn bakin dirila da ka shafa wa giris don ya kama garin ƙarfe. Naɗa tef a bakin dirilar yadda ba zai shiga fiye da milimita uku ba. Murɗa sukuru a kowane rami, ka kama kansu da filaya, ka riƙa ja nan kaɗan can kaɗan har ya fito. Idan sil ɗinka mai gida ne, abin ya fi sauƙi: kwance gidan, ka kai shi kan tebur, ka buge tsohon ta baya. Sai dai ka lura, ƙasan gidan yakan zauna a kan gaskit ɗin kaskon mai, wani lokaci da notuna biyu daga ƙasa. Idan gaskit ɗin ya yage, shi ma sai an canza.

Wanke ramin da ƙarshen kirankshaf da feshi har tsumma ya fito fari. Bi da farcenka a kan inda tsohon leɓe ya zauna. Layi mai sheƙi kawai ba matsala ba ne. Tsatsa ko datti a gefen baki, samfefa mai laushi sosai da ɗan mai za ta ɗauke shi, kana bin zagaye, ba gaba da baya ba. Amma idan farce ya maƙale a kwari, roba ta riga ta ci ƙarfe. Mafita biyu ce. Ko ka zaunar da sabon sil a zurfin da ya bambanta da na da da kamar milimita biyu, in ramin ya ba da dama, don leɓen ya sauka a sabon wuri. Ko ka sa siririyar rigar ƙarfe da ake yi don wannan, irin Speedi-Sleeve na kamfanin SKF, wadda ake bugawa a kan ƙarshen kirankshaf ta rufe kwarin. Ta biyun ta fi kwantar mini da hankali.

Sa sabon

Karanta takardar da ta zo cikin kwalin, domin sil iri biyu ne kuma ƙa'idarsu kishiyar juna ce. Na roba mai sifirin, ana shafa wa leɓensa baƙin mai mai tsabta, a shafa wa ƙarfen ma, don kada ya ƙone a juyin farko. Na Teflon, wanda ba shi da sifirin kuma leɓensa faffaɗa ne, a bushe ake sa shi, ba mai ba giris, ƙarfen ma a bushe. Yana zuwa da zoben leda a cikinsa. Kada ka cire zoben nan, shi ne zai zame da leɓen ya hau kan kirankshaf, sannan ya fito da kansa. Masu ƙera irin wannan suna so a bar shi kamar awa huɗu kafin a juya injin, don leɓen ya kama siffar ƙarfen. Mutane da yawa sun ɓata sil mai kyau saboda sun yi masa abin da suka saba yi wa na roba.

Gefen da ke buɗe, mai sifirin, shi ke kallon cikin injin. Fuskar da ke shafe, mai rubutu, tana kallonka. Idan babu zoben leda, yanko siririyar leda mai santsi daga jikin gora, ka naɗe bakin kirankshaf da ita don kaifin bakin kada ya naɗe leɓen ko ya ture sifirin. Tura sil ɗin da yatsu ya kama ko'ina daidai, ka zare ledar, ka leƙa da tocila ka ga leɓen bai juye ba.

Wajen shigar da shi, abin da ya fi shi ne kayan matsi da ake ɗaurawa da notunan fulaiwil, yana tura sil ɗin a miƙe yayin da kake ɗaurewa. In babu, nemi guntun bututu mai faɗin sil ɗin ko tsohon sil ɗin kansa, ka ɗora, ka riƙa bugawa da ƙaramar guduma a hankali, kana zagayawa. Kada guduma ta taɓa sabon kai tsaye. Bayan 'yan bugu ka tsaya ka auna zurfi a wurare huɗu. Sil ɗin da ya shiga a karkace zai yi yoyo ko da sabo ne fil. Idan ya lanƙwashe, jefar da shi ka sayo wani. Kada ka shafa gam a bayansa sai in littafin ya ce a yi, domin mai rigar roba ba ya buƙata, gam ma yakan sa ya sulɓe ya fito.

Mai gida kuma, sa sabon gaskit, ka ɗiga gam kaɗan a kusurwoyi biyun da gidan, bulo da kaskon mai suka haɗu. Nan ne yoyo ke son ɓullowa. Notunansa ƙanana ne, ɗauri kaɗan suke so.

Mayar da komai

Goge ramukan notunan fulaiwil su bushe. A wasu injuna ramukan nan sun zarce har cikin injin, saboda haka idan ba a shafa wa zaren notin gam ba, mai zai biyo ta nan, ka ɗauka sil ne ya sake lalacewa. Wasu notunan kuma irin masu miƙewa ne, ana ɗaure su zuwa wani adadi sannan a ƙara juyi na digiri kaza. Waɗannan sau ɗaya ake amfani da su, sai sababbi. Daidaita alamarka, ka ɗaura da hannu tukuna, sannan da sifanar awo, kana tsallakawa daga noti zuwa wanda ke kallonsa ta ɗaya gefen, a zagaye biyu ko uku.

Wanke fuskar fulaiwil da feshi, kada ko sawun yatsa mai maiƙo ya rage. Sa farantin kuloci ta fuskar da aka rubuta, ka tsayar da shi a tsakiya da ƙarfen daidaitawa, ka ɗaura murfin kaɗan-kaɗan. Ɗan giris kaɗan a haƙoran shaf ɗin giya ya isa, in ya yi yawa zai fantsama kan farantin.

A otomatik, tabbatar kwanbata ta zauna har ƙarshe kafin ka ɗaga giyabos. Riƙa juya ta kana turawa, za ka ji ta faɗa ciki mataki-mataki, sau biyu ko uku. Idan ba ta kai ba, kuma ka ɗaure ƙoƙo, za ka fasa famfon giya tun kafin motar ta tashi. Bayan an haɗa, ya kamata ta juya da yatsa, kuma kai ne za ka jawo ta gaba kaɗan ta sadu da farantin.

Ko wace iri ce, giyabos ya manne da injin da ƙarfin hannu kafin ka sa sifana. Idan ya rage tazara, wani abu bai daidaita ba: ja baya, juya shaf kaɗan, sake gwadawa. Kada ka jawo shi da notuna. Duba kuma kada wata waya ta maƙale a tsakani.

Mayar da sauran kamar yadda ka cire, zuba man giya, duba baƙin mai, haɗa batir. Tayar da injin ka bar shi a silo minti 15 zuwa 20 kana leƙen ƙasa da tocila. Zaga da motar, ka dawo ka ajiye ta a kan farin kwali ta kwana. Idan ka ga ɗigo ɗaya ko biyu a kwanakin farko, kada gabanka ya faɗi, tsohon man da ya maƙale a lungunan ƙoƙo yakan ci gaba da gangarowa. Goge wurin, ka sake dubawa bayan tafiyar kilomita 100, sannan ka riƙa zaro sandar awo kowace safiya har mako guda.